Ba Mai Kiran Hurera

Birnin Kudu,
ranar Lahadi da hantsi.

Zuwa ga 'yata Shamsiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin tashi lafiya, ke da maigidanki da ajiyar da Allah ya ba ku. Allah ya sa wannan ƙaura taku zuwa Lakwaja ta zama ta alheri, ya kai ku lafiya, ya haɗa ku da maƙwabta na kirki, ya tsare ku daga sharrin hanya da na ruwa da na baki. Babanku yana gaishe ku, ya ce a gaya wa maigidanki ya duba tayoyin motar da idonsa, kada ya bar wa direba.

Na san za ki yi dariya, ki ce Umma da take nan kusa, ga kuma waya, me ya kai ta rubuta takarda kamar mai neman aiki. Akwai maganar da bakina ba zai iya ba in kina zaune a gabana. Kin san halinmu, ko cikin nan naki ban taɓa ambatarsa ba, iyakata in ce yaya jikin. Sannan akwai wani suna da zan faɗa a nan, wanda tun da na yi wayo harshena bai taɓa ɗauka ba. Na gwada na ga biro ba shi da irin wannan kunyar, shi ya sa na ɗauko shi.

Jiya da kika zo mana sallama, kika zauna a bakin gadona kina murza waya, kika ce likita ya duba ya ce mace ce, in Allah ya so. Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da ninke kaya, amma na ji sarai. Sai kika fara karanto mini sunaye: Afnan, Minal, Nihal, da wani da na ɗauka sunan turare ne. Na ce miki, to naki fa, me ya yi? Kika taɓe baki kika ce, "Haba Umma, wa yake sa Shamsiyya yanzu? Ai ya zama sunan iyayen yara." Na yi dariya har na saki zanen da ke hannuna. Da kika tafi kuwa na zauna na daɗe ban tashi ba, don maganar ta sosa mini rai. Ban yi zaton zan rayu in ga ranar da Shamsiyya zai tsufa ba.

Bari in gaya miki yadda sunan yake lokacin da na fara jin sa. Ina da cikinki, yayyenki maza biyu suna wasa a tsakar gida, ni kuma ina tankaɗe a gindin dalbejiya, rediyon babanku na rataye a reshe. Ana filin gaishe-gaishe. Sai mai karantawa ya ce wata Shamsiyya daga Kano tana gaida iyayenta da ƙawayenta. Rariyar ta tsaya a hannuna. Ban taɓa jin irinsa ba. Nan take na ga yarinyar a idona: doguwa, da farin mayafi, da agogo a hannu, tana zaune ƙarƙashin fanka tana rubutu, ba hayaƙi a idonta, ba kaushi a ƙafarta. Na yini ina faɗar sunan a hankali, ina wanke-wanke ina faɗa, ina hura wuta ina faɗa. Kin san ni da tafiyar zuci. Babanku ya sha cewa in an bar ni da taga da ruwan sama, sai in kai Makka in dawo tuwo bai nuna ba. To a wannan yinin na riga na sa ki makaranta, na yi miki aure, na ga kina saukowa daga mota, duk kafin a haife ki.

Amma sunan da aka tanadar miki daban ne, kuma ke ma kin san mai shi. Gwaggo ta Kwandiko, ƙanwar mahaifina, wadda ta ɗauke ni riƙo tun ina tatata bayan rasuwar mahaifiyata. Allah bai ba ta haihuwa ba, ni ce 'yarta, ni kaɗai. Ita ta goya ni, ita ta yi mini kitson farko, ita ta tsaya kai da fata sai an sa ni makaranta lokacin da mutanen gidan suke ganin ɓata lokaci ne. Sunanta Hurera. Ga shi na rubuta, kuma sai da na waiga na ga ko akwai mai kallona.

Da aka haife ki, babanku ya shigo ɗakin da fara'arsa, ya ce, "Tun da na sa sunan mahaifina da na wana, wannan taki ce. Na yi niyyar mayar da sunan Gwaggo." Karamci ya yi mini, irin wanda mace take tuna wa miji har tsufa. Ya ma riga ya faɗa wa manya, magana kuma ta bi motar kasuwa ta kai Gwaram, ta ƙarasa Kwandiko. Ni kuwa sai na sa masa kuka. Na ce sunan ya tsufa, sunan masu tallan nono ne, za a yi wa yarinya dariya a makaranta. Ya dube ni ya ce, "Ke da Gwaggonki ne. In kin fasa, sai ki aika mata." Na ce to. Ban aika ba. Kullum sai in ce gobe, ina fatan maganar ta warware kanta ba tare da na buɗe baki ba.

Ana gobe suna sai ga ta a bayan a-kori-kura, ta sha ƙunshi hannu da ƙafa kamar amarya. Ta zo da ƙwaryar man shanu, da daddawa, da zanen saƙi na goyo, ga kuma wata jar akuya tana janye da ita, irin wadda akan ba takwara ta fara kiwo. Ta ɗauke ki ta ɗaga ki sama tana cewa, "Ke ce? Ashe ke ce kika sa ni jira haka?" Ina kwance ina kallonta, maganar tana nan a maƙogwarona, na haɗiye ta da kunun kanwa.

Da safe maza suka taru a zaure, aka raba goro, liman ya yi addu'a. Mu mata muna ciki mun yi tsit. Sai sanƙira ya leƙo ya ɗaga murya, ya ce yarinya ta ci sunan Shamsiyya, Allah ya raya. Ban iya duban Gwaggo ba, ƙafafunta kawai na gani, da jan lallen nan. Na ga yatsun sun motsa sau ɗaya. Sannan ta rangaɗa guɗa, ita ce ta fara, kuma tata ta fi ta kowa ƙarfi. Can da mutane suka ragu ta matso kusa da ni ta ce, "Maimaita mini, yaya ma ake faɗa?" Na maimaita. Ta gwada, ya fito mata Samsiya, kuma har yau haka take kiranki. Da za ta koma na ce ga akuyarta nan a ɗaure. Ta ce, "A bar wa yarinya. Akuya ina ruwanta da suna."

Akuyar nan ta yi shekara da shekaru a gidanmu, ta cinye mini sabulu, ta cinye gefen sabon mayafina, ban taɓa iya dukanta ba. Duk sanda ta ɗago kai tana tuƙa sai in ga kamar ta san abin da na yi.

Ba zan ce miki na yi nadamar sunanki ba, don ban yi ba. Ina son sa har gobe, in na kira ki ina jin daɗinsa a bakina kamar ranar farko. Abin da na kasa yafe wa kaina shi ne na bar matar da ta raine ni ta ji labari daga bakin sanƙira, a cikin taro, da lalle a ƙafarta. Don haka ki riƙe wannan, Shamsiyya. A can inda za ki, dole wata rana ki hana wani abin da ya sa rai a kai, ko maƙwabciya, ko dangin miji, ko ƙawa. Hanawar ba laifi ba ce. Amma ki tashi da ƙafarki ki je ki faɗa masa ke da shi, tun bai yi kwalliya ba.

Abin da ban sani ba a lokacin, sai daga baya Gwaggo ta ba ni labari muna ɓarar gyaɗa, shi ne sunan nata ma ya taɓa zama sabo fil. Ta ce wani bafatake ne ya auro wata mata daga Kano ya kawo ta ƙasar Gwaram, fara, mai wushirya, tana sa munduwa har gwiwar hannu, sunanta Hurera. Mata suka riƙa ƙirƙiro dalilin shiga gidan, wannan ta zo aron maburgi, waccan ta zo ɗibar wuta, don dai su gan ta. Daga nan duk wadda ta haihu sai Hurera. Ta ce da suna 'yan mata, in aka tsaya a bakin rafi aka kira sunan, sai kawuna su ɗago ta ko'ina, dole aka bi su da laƙabi: Hurera Doguwa, Hurera Baƙa, Hurera ta gidan Sarkin Noma, ita kuma Hurera Mai Dariya. Tsofaffin lokacin, masu suna irin su Cima da Iyatu, suna ta gunaguni, wai yaran zamani sun ƙi sunayen iyayensu sun koma na 'yan birni.

Tun daga ranar nake kallon sunaye kamar atamfa. Ki tuna wadda aka yi yayi lokacin bikin yayanku babba, kowace mace a garin nan sai da ta ɗinka, yau kuwa in kin gan ta to an yi tsumman goge tukunya da ita. Wani lokaci in ina zaune da rana, gari ya yi shiru, sai in ga kamar sunayen nan mata ne suke wucewa ta ƙofar gida a jere, kowace da tulunta. Su Marka da Haule sun yi nisa, sai ƙurarsu. Su Asabe da Talatu da Balaraba, sa'o'ina, sun fara ɗingishi. Ga su Jamila da Nafisa da Shamsiyya nan da goyo a baya, suna mamakin yaushe aka daina kallonsu. A can baya kuma ga su Afnan suna tsalle, ba su san hanya ɗaya ce ba. Wata rana za a yi wata tsohuwa ba haƙori, tana zaune a kan tabarma tana jan carbi, jikoki suna ce mata Iya Minal, suna dariyar sunan a ɓoye. In za ki zaɓa, ki ɗora sunan a kan jaririya, sannan ki ɗora shi a kan wannan tsohuwar, ki ga ko ya zauna musu su biyun. Iyakar shawarata ke nan a kan zaɓi, saura kuma naki ne da maigidanki.

Kuskurena na biyu ya fi na farko ciwo, ko da yake a ranar ina ganin tarbiyya nake yi. Ba lalle ki tuna ba, ba ki shiga firamare ba tukuna. Mun je Kwandiko da kaka, an girbe gero an jingina, gari duk ƙanshin sabuwar dawa. Gwaggo tana da wata ƙawa tun ta ƙuruciya, Iya Marka, gidansu danga ɗaya ce ta raba. Muna zaune sai Iya Marka ta leƙo ta saman danga ta ja sunan, yadda suke yi tun suna zuwa rafi: "Hureeera!" Gwaggo ta amsa, "Iye!" da wata siririyar murya ta yarinya, wadda ba ta taɓa amsa wa kowa da ita ba sai ita. Ke kuwa abin ya ba ki sha'awa. Kika tashi kina zagaya turmi kina tafi kina rerawa, Hurera, Hurera, ba ni gyaɗa Hurera. Ni kuma kunya ta rufe ni, na fizgo ki na ɗalle miki baki, na ce kada in ƙara ji, sunan manya ne, ba a faɗa. Kika yi kuka. Gwaggo ta ce a hankali, "Ki bar ta mana, ai jikata ce." Na ce a'a Gwaggo, haka ake lalacewa.

Sai bayan shekaru fuskarta ta dawo mini, yadda take kafin in fizgo ki. Dariya take yi har da hawaye, ta miƙo hannu biyu za ta kama ki. Ni ban duba ta ba, na duba abin da mutane za su ce ne. Alhali kowa ya san jika da kaka abokan wasa ne, jika yana kiran kakarsa da sunanta tsirara, ya tsokane ta, ta rama, ba wanda zai ce ya yi rashin kunya. Hakkinki ne, hakkinta ne, na shiga tsakani na ƙwace. Ke kuma yarinya ce mai jin magana, daga ranar ba ki sake ba, kika koma cewa Gwaggo kamar yadda nake faɗa. To ga shi ke ma za ki zama uwa. Kafin ki tsawata wa yaro don ya yi wa babba wani abu, ki fara duban fuskar babban.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki biro. Ran Juma'ar da ta wuce na je Kwandiko. Hanyar Gwaram ta yi kore shar, dawa ta fi mutum tsawo, duwatsun nan namu sun jiƙe suna ƙyalli, shanu a gefen titi sun ƙoshi har ba sa ɗaga kai. Na tarar da Gwaggo a kwance a rumfa. Ta rame ƙwarai, Shamsiyya. Idon ya tafi, sai dai ta gane mutum da takunsa. Matan gidan, matan jikokin wanta, suna kula da ita ba laifi, suna ce mata Iya Tsohuwa. Na tambayi ƙaramar cikinsu a gefe ko ta san sunanta na yanka, ta yi murmushi ta ce wallahi ba ta taɓa ji ba. Iya Marka kin san ta rasu bara da rani. Sauran Hurerorin duk sun riga mu gidan gaskiya.

Tana jin takuna ta ce, "Ladidi ce?" Na tsaya cak. Kin san a duniyar nan ba mai kirana da wannan sunan sai ita. Ni da kaina na kashe shi. Da na zo Birnin Kudu amarya na ga sunan ranar haihuwa ya zama na ƙauye, sai na riƙa jin daɗi in an ce Maman wane, daga baya aka koma Hajiya, babanku kuwa tun asali "ke" yake ce mini. Na yi ta murna na rabu da shi. Yanzu in ta faɗa sai in ji kamar an buɗe wani ɗaki da na manta da shi a gidanmu, in ga 'yar yarinya da ɗan tofi tana korar kaji daga shanya. Kada ki yi saurin jefar da naki don an daina yayinsa. A Lakwaja za su ce miki Madam, su ce Maman wance, za ki ji daɗi. Ki dai bar mutum ɗaya ko biyu da za su ci gaba da ce miki Shamsiyya.

Na zauna kusa da ita ina matsa mata ƙafa. Na gaya mata za ku tashi, na kuma gaya mata, a kaikaice, cewa kina da nauyi. Ta yi murna, ta sa albarka. Sai ta lumshe ido, na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "Kin san da rana haka, in gari ya yi zafi na lumshe ido, sai in ji ana kirana daga wajen rafi. Wani lokaci muryar innata, wani lokaci Marka. Sai in yunƙura zan amsa, in farka, in ji ashe kaji ne." Ta yi 'yar dariya. Ta ce, "Duk masu kirana sun koma can gefe ɗaya. Nan kuwa kowa sai Iya, sai Gwaggo, kamar ba a raɗa mini suna ba."

Na ce, "Gwaggo, ai girmamawa ce."

Ta ce, "Na sani. Girman ya yi mini yawa ne." Ta lalubo hannuna ta riƙe. "Ladidi, ke ɗin nan, kira ni mana in ji. Sau ɗaya. Ba kowa a nan."

Wallahi na buɗe baki. Na ji sunan ya taso tun daga cikina, ya zo har bayan haƙorana. Na duba hagu da dama, ba kowa sai wata kaza da 'ya'yanta. Na ja numfashi, na sake buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Gwaggo." Ta ƙyalƙyale da dariya har tari ya kama ta, na ba ta ruwa. Ta ce, "Ba laifinki ba ne, ni na yi miki tarbiyyar ta yi yawa." Ta juya maganar ta koma tambayar kuɗin taki da lafiyar babanku. Ni kuwa a mota har muka wuce Gwaram ina kuka a cikin mayafi, wata mata kusa da ni tana ta ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi mini.

Na san abin da kike tunani yanzu, kina cewa Umma ta zagayo ne don a sa wa jaririya sunan. A'a. Na yi wannan tunanin a hanya, na ga ba zai yi magani ba. Ko kun sa mata Hurera ranar suna, kafin la'asar mun lulluɓe shi. Ni ce ma zan fara, in ce ba zan iya faɗa ba, a riƙa ce mata Ummi ko Walida, shi ke nan sunan ya koma cikin takardar makaranta ya kwanta. Haka muke yi, mu ɗauki sunan mutum don girmama shi, sannan mu ɓoye shi yadda ko shi ba zai ƙara ji ba. Ban da haka ma, haihuwarki sai bayan kaka, in kin dawo gida wanka. Na ga jikin Gwaggo da idona. Rai na hannun Allah, amma ban ga alamar za ta ci sabon gero ba.

Ba takwara take nema ba yanzu. So take ta ji an kira ta, a nan gefen, da muryar mai rai. Ni na gwada na kasa, kuma na san ko na koma sau goma haka za a yi. Matan gidan surukai ne, ba za su iya ba. Yayyenki maza sun yi nisa, kuma ba su taɓa sakewa da ita ba. Saura ke. Ke ce jikarta, ke ce al'ada ta ba wannan damar, ke ce kuma na toshe wa baki. Yau na buɗe, ki yafe mini ɗallin nan.

Ga abin da nake roƙo. Kafin ku ɗauki hanya ran Alhamis, ki nemi izinin maigidanki ku je Kwandiko, ko yini ɗaya ne. Na san akwai ɗaurin kaya, na san jikinki ba ya son jijjiga, ku tafi a hankali, ni zan zo in ƙarasa miki ɗaurin. Ku isa da rana, lokacin da take kwance a rumfa. Ki yi sallama a zaure kamar kowa, amma kada ki shiga ki durƙusa kina gaisuwa tukuna. Ki zagaya ta wajen dangar nan ta gidan Iya Marka, ki tsaya daga can. Kada ki faɗe shi a hankali kamar mai karanta takardar asibiti. Ki ɗaga murya, ki ja tsakiyarsa, kamar kina kiran ƙawarki da ta yi nisa a gona kuma rana tana faɗuwa. In matan gidan sun fito suna kallonki, ki bar su su kalla. In ba ta amsa ba ki sake, don za ta ɗauka irin na mafarkin ne, za ta jira ta ji ko kaji ne. Ki yi ta kira har ta tabbata.

Bayan nan ki shiga ki zauna, ki tsokane ta, ki ce ta tsufa, ki ce sunanta na mutanen da ne, ki karanto mata su Afnan da Nihal ki ji yadda za ta murɗe su. Za ta rama, ki shirya, bakinta bai tsufa ba. Kada ki ce ni na aiko ki. Za ta sani, amma kada ki faɗa.

Abu ɗaya kuma, shi ne na ƙarshe. In kin isa bakin dangar, kafin ki kira ta, ki fara kirana a waya. In na ɗauka kada ki ce komai, ni ma ba zan ce ba. Ki riƙe wayar a hannunki a buɗe, ki ɗan miƙa ta wajen rumfar. Ina nan zaune a bakin gado, na rufe ƙofa. So nake in ji ta amsa.

Allah ya kai ku Kwandiko lafiya, ya sa ku same ta a farke. Allah ya kai ku Lakwaja lafiya, ya sa ƙasar ta karɓe ku, ya ba maigidanki sa'ar aiki, ya kare ku daga zazzaɓin can da kewar gida. Allah ya sauke ki lafiya, ya ba mu mai albarka, ko wane suna ta zo da shi za mu koya. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙa cin abinci ko ba kya so, kada ki ɗaga abu mai nauyi. Na yafe miki duniya da lahira, Allah ya yi miki albarka.

Wassalam.

Ummanki.